Ɗan Agwagwa Ya Maƙale Cikin Ƙwai: Yaushe Za A Sa Masa Hannu?

Duk mai kiwon agwagi ya san yadda ranar ƙyanƙyasa take. Uwa ta yi wata guda da 'yan kwanaki tana kwanci, 'ya'ya goma sun fito sun bushe, suna leƙe ta ƙarƙashin fiffikenta, amma ga ƙwai ɗaya ko biyu sun saura. An ga 'yar kafa a jikin ɓawo, ga baki ya ɗan ɓullo, ana kuma jin kuka daga ciki. Nan take sai tausayi ya kama maigida ko uwargida, a ɗauko ƙwan a ɓare shi kamar dafaffe. Sai a ga jini, ko kuwa a ga gwaiduwa tana reto a cibiya, kafin la'asar ɗan ya mutu. Garin neman gira an rasa ido.

Wannan hasara ce ta gaske, domin ɗan agwagwa na yau shi ne toron da za a kai kasuwa bayan wata biyar ko shida. Akwai lokacin da taimako yake ceton rai, akwai kuma lokacin da shi ne yake kisa. Abin da ya raba su shi ne sanin halin da ɗan yake ciki, kuma akwai alamomin da kowa zai iya gani da idonsa.

A Fara Da Ƙidayar Kwanaki

Kuskure na farko daga ƙidaya yake tasowa. Kaza takan ƙyanƙyashe a kwana 21. Zabuwa takan kai 26 zuwa 28, talo-talo 28. Agwagin Turawa masu kwakwazo, irin su Pekin da Khaki Campbell, su ma kwana 28 ne. Amma agwagwar da aka saba gani a gidajen ƙasar Hausa, mai jan tsiro a fuska, wadda toronta ba ya kuka sai huci, iri ce dabam. Turawa suna kiranta Muscovy, asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, kuma ƙwanta sai ya yi kwana 35, wani lokaci har da ƙarin kwana ɗaya ko biyu. In an haɗa ta da agwagwar Turawa, ƙwan yakan ƙyanƙyashe wajen kwana 32, 'ya'yan kuwa kamar alfadari suke, ba su haihuwa.

Wanda ya saba da kaji, in ya ga mako huɗu sun wuce shiru, sai ya ɗauka ƙwan ya lalace, alhali da sauran mako guda cur. Sabo da haka ranar da agwagwa ta fara kwana a kan ƙwai, dare da rana, a rubuta kwanan watan, ko da gawayi ne a jikin bango. Daga wannan rana ake ƙidaya, ba daga ranar da ta saka ƙwan farko ba. A kuma yi wa kowane ƙwai alama da fensir. Dalili kuwa, wata agwagwar takan faki ido ta saka nata a cikin sheƙar mai kwanci, kuma ƙwan da ya shigo bayan kwana biyar, to, da kwana biyar zai makara. Irin wannan ƙwai ba maƙalewa ya yi ba, lokacinsa ne bai yi ba.

Abin Da Ke Faruwa A Ciki

Ƙwai yana da kai biyu, ɗaya mai faɗi, ɗaya mai tsini. A kai mai faɗi akwai ɗan fili wanda ba kome cikinsa sai iska. Ɓawo kuwa cike yake da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ta nan ruwan ƙwai yake fita kaɗan kaɗan, filin iskan yana ƙara girma, har ƙwan ya rage nauyi da misalin kashi 12 zuwa 14 cikin 100 kafin ƙyanƙyasa. A ƙarƙashin ɓawo akwai tantani biyu. Na waje fari ne kamar takarda. Na ciki siriri ne, a jikinsa jijiyoyin jini suka shimfiɗu kamar saiwa, kuma ta waɗannan jijiyoyi ɗan yake samun iska tun huhunsa bai fara aiki ba.

Fitowa hawa uku ce. Da farko ɗan yakan sa kansa ƙarƙashin fiffikensa na dama, ya huda tantani da wata 'yar ƙaya mai tauri da ke kan bakinsa, ya shiga filin iska, ya ja numfashinsa na fari. Daga nan ne ake jin kuka da ƙwanƙwasa in an kara ƙwan a kunne, uwa kuma tana amsa masa da ƙaramar murya. Bayan kamar kwana guda iskan wurin ta ƙare masa, sai ya bugi ɓawo ya yi 'yar tsaga. Wannan ce hawa ta biyu.

Sa'an nan sai ya yi shiru, kuma wannan shirun ne yake ruɗin mutane. Yakan kwanta awa 24, wani ma har 48, musamman ɗan agwagwar gida, wanda ya fi ɗan tsako nawa nesa ba kusa ba. Ba zaman banza yake yi ba. A cikin waɗannan awoyi ne yake janye sauran gwaiduwa zuwa cikinsa ta cibiya, cibiyar ta rufe, jinin da ke cikin tantani ya koma jikinsa, huhu ya karɓi aiki gaba ɗaya. Sai wannan ya kammala ne zai shiga hawa ta uku, watau ya riƙa juyawa yana fasa ɓawo a kewaye, har ya ture kai mai faɗi kamar murfi ya fito. Wannan ba ta cika wuce awa ɗaya zuwa uku ba.

To, wanda ya ɓare ƙwai a tsakiyar wancan shiru, jijiyoyin da ke ɗauke da jinin ɗan ya yanke. Halitta mai ƙanƙanta haka, ɗigo kaɗan ya isa ya ƙarar da ita.

Abin Da Ke Kawo Maƙalewa

Babban dalili a ƙasashen arewa shi ne bushewar iska, da hunturu da kuma bazara kafin ruwa ya sauka. Agwagwa mai kwanci takan tashi sau ɗaya a rana ta ci, ta sha, ta yi wanka, ta komo da laima a gashin ƙirjinta. In ba ta sami ruwan wanka ba, ƙwan yakan bushe fiye da kima. Haka kuma in an sa wa kaza ƙwan agwagwa, domin kaza da ƙasa take wanka. Da zarar ɗan ya tsaga ɓawo, busasshiyar iska ta shiga, sai tantani ya ƙanƙance ya naɗe shi kamar an ɗaure shi da fata, ya kasa juyawa. Yawan ɗaga uwa don a leƙa yana ƙara wannan, domin kowane ɗagawa yana fitar da ɗumi da laimar da ta tara a ƙarƙashinta.

Da damina kuma akasin haka yakan faru. In sheƙa ta jiƙe sharkaf, ruwan ƙwai ba ya fita yadda ya kamata, filin iska ya zama ƙarami, ɗan ya fito da danƙo a jikinsa, ko ya shaƙe tun a ciki. Wani ɗan kuwa kwanciyarsa ce ba daidai ba, ya juya kansa wajen tsini ko ya sa shi tsakanin ƙafafu. Wani kuma rauni ne da shi tun asali, sabo da iyayen ba su sami abinci mai kyau ba, ko ƙwan ya daɗe a ajiye fiye da kwana goma kafin a sa shi, ko kuwa an daɗe ana haɗa toro da 'ya'yansa. Daga ƙarshe akwai wanda uwa ta tashi ta bari. Bayan kwana ɗaya ko biyu da fitowar na farko, takan ja su zuwa neman abinci, ƙwan da ya makara ya yi sanyi.

Alamomin Jira Da Na Sa Hannu

A bar ƙwai a ƙarƙashin uwa in tsagar ba ta kai kwana biyu ba, tantanin da ake gani fari ne mai taushi, kuma in an ɗan ƙwanƙwasa ɗan ya amsa da ƙarfi. In an ga yana motsa baki kamar mai tauna ko mai hamma, masu kiwo sun daɗe da lura cewa mai yin haka bai gama janye gwaiduwa ba. Wanda ya huda ta wajen tsini ma jira yake bukata, har fiye da sauran, domin bai sami filin iska ya huta a ciki ba. Iyakar abin da za a yi masa a farko shi ne a tabbata bakinsa a sarari yake.

A yi shirin taimako in an ga ɗaya daga cikin waɗannan. Awa 48 sun wuce da tsagawa ba wani ci gaba. Ko ya fara kewaya ɓawo ya tsaya a tsakiya, awa uku ko huɗu yana ta bugun wuri guda. Ko tantani ya koma ruwan ƙasa, ya yi tauri, ya manne da gashinsa. Ko kukan da ke da ƙarfi da safe ya koma rauni da yamma. Ko uwa ta taka ƙwan ya farfashe, ko tururuwa sun fara shiga, ko kuwa ta tashi ta bar shi.

Akwai kuma wanda ake jin kukansa a ciki fiye da kwana guda amma bai tsaga ɓawo ba. A shiga ɗaki mai duhu a haska ƙwan da tocila, za a ga inuwar baki a cikin filin iska. A sa tsinin ƙaramar ƙusa mai tsabta a murza a hankali a tsakiyar kai mai faɗi, har a yi kafa kamar ƙwayar gero. A tsaya nan, a mai da ƙwan wurin uwa. Sau da yawa wannan 'yar iska kaɗai ta ishe shi.

Yadda Ake Taimakon

A wanke hannu da sabulu kafin a fara da kuma bayan an gama, domin ƙwayoyin cuta suna iya shiga ta cibiyar ɗan, suna kuma iya kama mutum daga ƙazantar sheƙa. A tanadi ruwan da aka tafasa ya huce ya zama mai ɗumi, da auduga ko gashin tsuntsu mai tsabta, da matsefata, da tsumma mai kyau, da ɗan man basilin ko man kwakwa. A yi aikin a ɗaki mai ɗumi wanda iska ba ta kaɗawa. Wajen ɗauko ƙwan a yi hattara, agwagwa mai kwanci tana cizo, tana dukan fiffike, faratanta kuma suna da kaifi, in ta yi fama tana iya tattake sauran 'ya'yan. A zura hannu a hankali ta gefe, a rufe ƙwan da tafin hannu a fito da shi.

A fara daga inda ɗan ya tsaga, a riƙa ɓalle ɓawo ƙanana ƙanana, kowane kamar ƙwayar dawa, ana nufar kai mai faɗi, domin a saman filin iska babu jijiya. A yage farin tantani na waje daidai wurin da aka buɗe. Sa'an nan a tsoma auduga cikin ruwan ɗumin a shafa a tantani na ciki. Da ya jiƙe sai ya zama garau, a ga abin da ke jikinsa. A kiyaye ƙwarai kada ruwa ko mai ya shiga hancin ɗan, wanda ke saman bakinsa, domin ɗigo guda yana iya shaƙe shi.

A nan ne hukunci yake. In an ga jijiyoyi jajaye cike da jini, lokaci bai yi ba, a tsaya. A shafa ɗan mai a tantanin don kada ya bushe, a mai da ƙwan wurin ɗumi, a sake dubawa bayan awa uku ko huɗu. In an yi kuskure jini ya fito, a danna wurin da busasshiyar auduga ko a barbaɗa ɗan garin masara, a dakata sai bayan awa shida ko fiye. Kowane zama kada ya wuce minti biyar zuwa goma, don kada ɗan ya yi sanyi. Wani ƙwan sai an komo masa sau uku ko huɗu kafin a gama.

Wurin da za a ajiye shi tsakanin zama da zama ya dogara ga girman buɗin. In kafar ƙarama ce, babu wurin da ya kai ƙarƙashin uwa, a mai da shi kafar tana kallon sama. Amma in an cire ɓawo da yawa, nauyin uwa zai murƙushe shi. Sai a shimfiɗa tsumma cikin ƙwarya ko kwando, a cika kwalba da ruwan zafi a naɗe ta da zane a ajiye a gefe, a sa wani tsumma mai laima kusa, a rufe a bar 'yar kafar iska. Zafin da ake nema kamar na jikin mutum ne, wajen digiri 37 a ma'aunin zafi. A riƙa sake ruwan kwalbar in ya huce, kada kuma ƙwan ya taɓa ta kai tsaye. Haka za a yi wa ƙwan da uwa ta tashi ta bari, in babu wata kaza ko agwagwa mai kwanci da za a sa mata. Mai injin ƙyanƙyasa kuwa ya sami sauƙi.

In jijiyoyin sun motse, sun koma sirara kamar zare, launinsu ya dushe, to, an iya ci gaba. A jiƙa tantanin a janye shi daga kan ɗan sannu sannu, inda ya manne da gashi a ƙara jiƙawa a jira ya saki, kada a fizga. A taimaka kai ya fito daga ƙarƙashin fiffike, wuya ya miƙe. Sa'an nan a haska cikin ɓawon a dubi wajen ciki. In an ga gwaiduwa rawaya tana waje, a bar ɗan a zaune cikin rabin ɓawonsa, a sa shi tsaye cikin ƙaramin ƙoƙo, a kewaye shi da tsumma mai laima don kada ya zame ya fito, a ba shi awoyi. In kuwa cibiya ta rufe, aikin mutum ya ƙare. A kwantar da shi a bar shi ya ture ɓawon da ƙafafunsa. Ɗan zaren da yakan rage tsakanin cibiya da ɓawo kada a ja shi, zai bushe ya tsinke da kansa.

Bayan Ya Fito

Ɗan da ya sha wuya yakan kwanta kamar matacce na awoyi, jikinsa jiƙe, kansa a ƙasa. Gajiya ce. A bar shi cikin ɗumi har gashinsa ya bushe ya tashi. In danƙo ya bushe a jikinsa ya hana shi motsi, a goge da tsumman ruwan ɗumi a sake busar da shi. Kada a ɗura masa kome a baki. Gwaiduwar da ya janye guzuri ce da za ta riƙe shi kwana biyu ko fiye. Ƙasan kwandon ya zama tsumma ko buhu mai kaushi, domin a kan leda ko takarda mai santsi ƙafafunsa sukan baje. In sun riga sun baje, a haɗa su da zaren ulu sako-sako, daidai tazarar tsayuwa, na kwana uku ko huɗu.

Sai ya iya tsayuwa da tafiya za a mai da shi wurin uwa, kuma da dare ya fi, a tura shi ƙarƙashin fiffikenta cikin 'yan'uwansa. Da gari ya waye a tsaya a lura. In tana saransa ko tana korarsa, a ɗauke shi a rene shi a hannu. Ruwan sha a zuba a kasko marar zurfi, a jefa tsakuwoyi a ciki. Mutane sukan ce ɗan agwagwa ba ya nutsewa, amma wanda bai sami maiƙon gashin uwarsa ba yakan jiƙe, sanyi ya kama shi, ya mutu ko a cikin tasa ne.

Abincin farko shi ne tsaki mai laushi, da dusa da aka ɗan jiƙa, da dafaffen ƙwai, da gara, da yankakken ganye, ko kuwa abincin 'yan tsaki na kanti. Lalle a guji hatsi ko ƙuli-ƙulin da ya yi hunhuna. A shekarar 1960 'ya'yan talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila sabo da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Bincike ya nuna gubar hunhuna ce, wadda aka sa wa suna aflatoxin, kuma cikin tsuntsayen gida 'ya'yan agwagwa suna cikin waɗanda ta fi saurin kashewa.

Ba kowane ɗa ne zai rayu ba, ko an bi ƙa'ida duka, domin wani da nakasarsa ya zo. Wanda ya maƙale don bushewar iska yakan girma lafiya lau. Amma wanda rauninsa na asali ne, in ya girma gara a yanka ko a sayar da a bar shi ya zama toron gida. Ƙwan da ya wuce kwana 38, ba motsi, ba kuka, in an haska ba a ga alamar rai ba, baragurbi ne, a binne shi kafin ya fashe a sheƙa. In kuwa 'ya'ya da yawa suna mutuwa cikin ɓawo kwanci bayan kwanci, ko manyan ma sun fara faɗuwa, a sanar da malamin dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Gyara Tun Daga Sheƙa

Yawancin wannan wahala ana iya kauce mata tun ranar da aka sa ƙwai. A yi sheƙa a ƙasa, a inuwa, inda ruwan sama ba ya kwanciya, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Ƙwai 12 zuwa 15 sun ishi uwa guda, abin da ya wuce haka na gefe sukan yi sanyi. A ajiye mata daro ko kwatarniya da ruwan da za ta iya shiga ta yi wanka, da abinci kusa. Da hunturu a riƙa zuba ɗan ruwa a ƙasar da ke kewaye da sheƙar, ba a cikinta ba. In kaza ce ke kwancin, a yayyafa wa ƙwan ruwan ɗumi sau ɗaya a rana daga mako na biyu, a daina da zarar an ji kuka a ciki. A kewaye wurin da toka don tururuwa, a raba ta da toro da sauran agwagi, a kuma hana yara ɗaga ta a kwana uku na ƙarshe.

Uwar ta fi kowa sanin aikinta, kuma a cikin ƙwai goma sha biyu da wuya a sami fiye da ɗaya ko biyu masu bukatar hannun mutum. Ga waɗannan kuwa ƙa'idar ba ta da wuyar riƙewa. A ƙidaya kwanaki daidai, a ba ɗan kwana biyunsa bayan ya tsaga, a buɗe kaɗan ta kai mai faɗi, a jiƙa tantani a duba. In da jini a jijiya, a koma a jira. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.